Bidiyon Darasin Aina'u

"Ni fa ba waƙa na je yi ba, Muntaka. Darasi ne."

"Darasi da tafi?"

"Da tafi. Haka ake koya wa 'yan aji ɗaya ƙirga."

"'Yan aji ɗaya masu gemu."

Aina'u ta ɗago ta dube shi. Idanunta sun kumbura. Suna tsaye a gindin darbejiyar ƙofar gidansu bayan la'asar, inda ya saba zuwa zance. Yau ko tabarma ba ta fito da ita ba.

"Sau nawa zan faɗa maka? Kafin a tura mu koyarwar gwaji, dole kowa ya tsaya gaban 'yan ajinsa ya koyar, su kuma su zama kamar yara. Malamarmu ce ta ce a ɗauka a waya, a sa a guruf ɗin aji, ta duba ta ba da maki. Mu arba'in da shida, kowa an ɗauke shi."

"Sauran arba'in da biyar ɗin, nasu ya zo Tudun Gawo?"

Ta sunkuyar da kai.

Kwana huɗu ke nan bidiyon yana yawo a ƙauyen. Teburin mai shayi, majalisar bakin masallaci, inuwar 'yan acaɓa, ko'ina shi ne. Ga Aina'u 'yar Malam Ikrima cikin hijabinta ruwan toka, a gaban allo, tana tafi tana rera ɗaya, biyu, uku. Ga samari zazzaune suna amsawa da muryar yara. Wani dogo a sahun gaba ya miƙa hannu sama yana ihu, "Anti, ni! Anti, ni!" Ita kuma tana dariya.

Wani ɗan iska ya ɗora kiɗa a kai ya watsa a TikTok. Yanzu in ta fito ɗiban ruwa, sai ta ji an ce a bayanta, "Anti, ni."

Dogon nan ne ya tsaya wa Muntaka a maƙoshi. Uzairu sunansa, shugaban ajinsu, ɗan mutanen Barno ne mazauna birni. Shi ke kiranta in an ɗage lakca. Shi ke turo takardun karatu. Muntaka bai taɓa ganinsa ido da ido ba, amma ya san sau nawa sunansa ya fito a wayarta cikin wata guda.

"Wa ke riƙe da guruf ɗin?"

"Ka sani."

"A bakinki nake son ji."

"Uzairu."

"To."

"To me? Me zai ci in ya fitar?"

"Ki tambaye shi. Wanda ya ga an yi masa nisa, ai sai ya zubar da miyar kowa ya rasa."

Ta share hawaye da gefen hijabi. Muryarta ta sauka.

"In zargi ne, ni ma na iya. Bayan 'yan ajinmu, mutum biyu kaɗai na nuna wa. Inna, da kai. Kai ka dame ni sai ka ga abin da nake yi a makarantarmu ta Bici, na tura maka, na ce ka kalla ka goge. Ka goge?"

"Na goge."

Da sauri ya faɗa. Har ya yi sauri da yawa.

Bai goge ba. Ya mayar da shi cikin memori ne, ya ɓoye. In rana ta take a gona, yakan zauna a gindin gawo ya kalla, ya rufe fuskar dogon da babban yatsa. Amma me wannan ya shafi maganar? Wayarsa ba ta taɓa barin aljihunsa ba. Ko data ba ya sawa sai ta kama.

"Baba ya karɓe wayata," in ji ta. "Ya ce Jumma'a, in an sauko daga masallaci, zai yanke magana. Yaya Hashimu ya rantse na gama zuwa makaranta. Har ya fara maganar abokinsa Mudassir, mai rumbun hatsi a Gezawa. Wai shi ya ce ya ji ya gani, zai rufa mana asiri, amma matarsa ba ta fita."

Muntaka ya kau da kai.

Hashimu bai taɓa ƙaunarsa ba. A ganin Hashimu, shi yaro ne da ya gama sakandare da ƙyar, lissafi ya kayar da shi, ya koma riƙe garma. Malam Ikrima ne kaɗai ya tsaya masa. Ya ce da shi gaban kawunsa, "Na ba ka, amma sai ta gama karatu. Ka riƙe amana." Saura shekara ɗaya.

"Kuma muna da jarrabawar gwaji sati mai zuwa," ta ci gaba. "Ban san rana ba, ban san ɗaki ba. Yanzu ba wanda ke liƙa takarda a bango, komai a guruf ake faɗa. Wanda ba shi da waya kamar ba ya makarantar ne."

"Zan gano wanda ya fitar."

"In ka gano fa?"

"Zai sani."

Ta juya ta shige zaure. Ba ta ce ya gaida gida ba.

Washegari Talata, ya bar noman maimai a gonar gero, ya bi sawu.

Ya fara da Abba mai shayi. "A ina ka samu?"

Abba ya sosa ƙeya. "Ni wallahi a wayar Fatihu na gani."

Ya sami Fatihu a kan babur yana jiran fasinja. Fatihu ya yi tsuru-tsuru.

"Ba turo min aka yi ba. Fina-finai na je aka loda min a Kunci, sai na gan shi a ciki. Wajen Khalilu mai turi."

Muntaka ya hau bayan babur ɗin. "Kai ni."

Duk hanyar, tsakanin gonakin dawa da gyaɗa, lissafi ɗaya yake. Uzairu ya ba wani, wanin ya kawo Kunci. Ko shi da kansa ya zo. Mutumin birni, ai ya san inda zai jefa abu ya kama ƙauye. Yau zai ji suna, gobe ya tafi Bici.

Shagon Khalilu rumfar kwano ce a bakin kasuwa. Janareto na kuka a baya, wayoyi sun fi talatin a jere suna caji. Khalilu na zaune gaban tsohuwar kwamfuta, da tsinken sakace a baki. Shi ke zuba wa rabin ƙauyukan nan waƙoƙi da fina-finai da wa'azi.

"A'a, manomi! Waƙoƙin da na sa maka sun ƙare ne?"

"Bidiyon yarinyar nan mai tafi. Wa ya kawo maka?"

"Anti-ni? Kai, wannan ya yi kasuwa." Ya yi dariya. Da ya ga fuskar Muntaka sai ya haɗiye ta. "Lafiya?"

"Suna nake so."

"Bari in duba. Ni komai nawa a tsare yake."

Ya dinga dannawa. Yana yi yana bayani, irin na mai alfahari da sana'arsa.

"Ka ga, duk memorin da aka kawo min, kafin in zuba komai sai na kwashe abin da ke ciki na ajiye a nan. Saboda wani memorin yana zuwa da cuta, ya cinye wa mutum hotunan bikinsa, a zo a kama ni. To in na kwashe, sai in leƙa. In akwai sabon abu, in ƙara a kayana. Wanda ya kawo sabo, na bayansa ya samu. Haka kowa ke yi." Ya tsaya. "Yauwa. Ga inda ya fito."

Ya juyo da kwamfutar.

A saman jerin, da manyan baƙaƙe, an rubuta: MUNTAKA TUDUN GAWO.

Kukan janareton ya yi nisa a kunnensa.

Sati biyu da suka wuce. Ya tuna. Ya zare memorin da hannunsa, ya miƙa, ya ce a sa masa waƙoƙin noma da karatun Alƙur'ani. Ya tafi sayen taki ya dawo ya karɓa. Wayar kam ba ta bar aljihunsa ba.

"Kai ne ma ashe," in ji Khalilu. "Wallahi na zaci 'yan wasan barkwanci ne. Gardawa da gemu suna 'Anti, ni', wa zai ce makaranta ce? Cikin na ban dariya na jefa shi. Ka san ta ne?"

"Mutum nawa ka sa wa?"

"Kasuwa biyu ta ci. Wa ya ƙirga?"

"Goge."

"An gama." Ya danna. "Amma fa ka san abin da ya shiga wayar mutane zarar bunu ne."

"Da sunana. Goge shi duka."

Khalilu ya dube shi, ya cire tsinken daga baki, ya goge.

A waje Fatihu na jira. "An samu ɗan banzan?"

"Bai tuna ba," in ji Muntaka.

Ƙarya ta biyu ta fi ta farko sauƙin fita. Wannan ne ya ba shi tsoro.

Laraba ya wuni a gona. Ya nome kunya goma sha biyu bai ɗago ba. Yana sara yana shirya magana. Baba, kuskure ne. Baba, ban sani ba. Duk yadda ya juya ta, ƙarshenta ɗaya: ka riƙe hoton 'yar mutane a ɓoye, ka rantse ka goge, ka kai shi kasuwa. Amanar ke nan. Hashimu ba zai nemi abin da ya fi haka ba.

In kuma ya yi shiru? Khalilu bai san ta ba. Sunan ya gogu. Ba mai sani sai Allah.

Da yamma labari ya zo teburin Abba. Hashimu ya je Bici. Ya tare Uzairu a bakin titi gaban 'yan ajinsu, ya ci kwalarsa, har aljihun riga ya yage. Malamar da ta ji, ta ce a rufe guruf ɗin sai an gano gaskiya. Mutum arba'in da shida, ana saura kwana kaɗan jarrabawa, ba takardu, ba sanarwa, kowa na kallon ɗan'uwansa da ido ɗaya.

"Maganinsa ke nan," in ji wani.

Muntaka ya ji wani sanyi-sanyi a ransa, kamar an sauke masa kaya. Sai kuma ya ji ƙyamar kansa. Ya bar shayin bai sha ba.

Alhamis da hantsi, yana dawowa da ciyawar awaki a ka, ya gan ta a bakin famfo ita kaɗai. Ya so ya sauya hanya. Ta riga ta gan shi.

"Muntaka."

Ya sauke ciyawar.

Ta rame cikin kwana uku. Ta dubi hagu da dama, sannan ta durƙusa a jiƙaƙƙiyar ƙasar, kamar yadda ake yi wa babba.

"Ka yafe min."

"Tashi. Me kike yi haka?"

"Ranar Litinin na zarge ka. Na kwana ina tunani. Duk garin nan kai kaɗai ne ba ka yi min dariya ba. Kai ka sayar da tunkiyarka ka saya min wayar nan don kar a bar ni a baya. In ka ce ka goge, ka goge. Baƙin ciki ne ya sa na faɗa."

"Aina'u..."

"Bari in gama. Ban yarda Uzairu ne ba, amma ban san kowa ba kuma. Jiya na zauna ina jera 'yan ajinmu ɗaya bayan ɗaya. Har Kaltum da muke cin abinci kwano ɗaya, na ce ko ita ce. Ka ga abin da na zama?" Hawaye suka zubo. "Shekara biyu ina tashi da asuba ina bin motar Bici. Inna ta sayar da gyaɗarta. Ni ce mace ta farko a gidanmu da ta wuce sakandare. Yanzu saboda minti uku na tafi, shi ke nan?"

Maganar tana nan, a kan harshe. Kalma uku ce. Ni na kai.

"Gobe Baba zai kira ka," ta ce. "Yana jin maganarka. Ka ce masa ka yarda da ni. Don Allah. In aka cire ni, Mudassir za a ba, ka sani. Ba makaranta, ba kai."

"Zan zo."

"Ka yafe min?"

Ya ɗauki ciyawarsa ya ɗora a ka, don kar ta ga fuskarsa.

"Ba komai," in ji shi.

Jumma'a, bayan an sauko, zauren Malam Ikrima ya yi tsit. Tsohon na kan buzunsa, carbi a hannu, wayar Aina'u a ajiye gefen ƙafarsa. Hashimu na tsaye jikin bango. Muntaka ya zauna a bakin tabarma. Daga ƙofar ciki, Aina'u na durƙushe, Inna Barira a bayanta.

Sai aka yi sallama.

Dogo ne, siriri, da hula zanna. Ya cire takalmi tun daga nesa, ya tsuguna ya gaida Malam. Muntaka bai buƙaci a faɗa masa ba. Ya san fuskar, ya sha rufe ta da yatsa.

"Kai ka kira shi?" Malam ya tambayi Hashimu.

"Ba wanda ya kira ni, Baba," in ji Uzairu. "Na ji an ce yau za a cire ta, shi ne na biyo mota. Ni ke riƙe da guruf, gaskiya ne. Amma wallahi ban fitar ba. Ni ina da wadda aka sa mana rana. Aina'u 'yar ajinmu ce, kuma ta fi mu duka iya koyarwa. Malamarmu ta ce in faɗa muku haka."

"Ji munafuki," in ji Hashimu. "Baba, in shi mai gaskiya ne, ya dafa."

Uzairu ya dube shi. "Ina da alwala. A kawo."

Malam Ikrima ya ci gaba da jan carbi. Can ya girgiza kai.

"Ba za a dafa Alƙur'ani a zaurena saboda waya ba. Ko ya rantse, ko bai rantse ba, abu ɗaya na sani. Na tura 'yata wuri, an ce wurin a rufe yake, su kaɗai ne. Sai ga ta a hannun kowane ɗan tasha. Wurin da ba ya riƙe sirri, ba na barin 'yata a ciki." Ya juya wajen ƙofar ciki. "Aina'u, kin gama."

Wani sauti ya fito daga bakinta, ba kuka ba, ba magana ba. Inna ta riƙe kafaɗarta.

"Kai kuma Muntaka," in ji Malam, "kai na ba. Ban janye ba, duk abin da Hashimu zai ce. Ka riƙe amana, na gani. In ka shirya, bayan kaka a ɗaura. Kana da magana?"

Hashimu ya buɗe baki, tsohon ya ɗaga masa hannu.

Muntaka ya ji zauren yana juyawa. An ba shi. Ba sai shekara ba, bayan kaka. Ba Mudassir, ba Bici, ba dogo. Abin da zai ce kawai, na gode.

Ya dubi ƙofar ciki. Ta kafe shi da ido. Jira take ya ce ya yarda da ita.

"Baba," ya ce. Muryar ba ta fito ba. Ya sake. "Baba, ba daga makaranta ya fita ba."

Carbin ya tsaya.

"Daga wajena ne."

Ya faɗi komai, kansa a ƙasa. Bai ƙawata ba. Ta tura masa, ta ce ya goge, bai goge ba. Memori. Khalilu. Kasuwa biyu. Ya ce guruf ɗin bai yi laifi ba, bawan Allahn nan bai yi ba, ita ma ba ta yi ba.

"Na faɗa!" Hashimu ya yi tsalle. "Tun farko na faɗa! Ɗan..."

"Hashimu." Malam bai ɗaga murya ba. "Kai da ka yaga rigar mutum a titi, ka fara da ba shi haƙuri."

Hashimu ya tsaya, baki buɗe. Uzairu ya sunkuyar da kai.

Tsohon ya daɗe yana kallon Muntaka. Irin kallon da manomi ke yi wa gonar da ya yaba, ya tarar da ciyawar wuta-wuta ta cinye ta ta ƙasa. Sannan ya ɗauki wayar, ya miƙa ta baya ba tare da ya juya ba.

"Ungo. Litinin ki koma. Kai yaro, ka gaya wa malamarku ta buɗe musu abinsu."

Inna Barira ce ta karɓa. Aina'u ba ta motsa ba.

"Muntaka."

"Na'am, Baba."

"Ka ce wa kawunka ina nemansa gobe. Ya zo da waɗanda suka zo tare ranar farko."

Kowa a zauren ya san ma'anar wannan. Shaidun da aka ba da magana a gabansu, su ake kira in za a karɓe ta.

"To, Baba."

Ya miƙe. Ya kai bakin ƙofa yana laluben takalmi, sai ya ji muryarta. A gaban mahaifinta, inda ba ta taɓa yi masa magana ba.

"Muntaka."

Ya tsaya. Bai juyo ba.

Ba kuka a muryar yanzu. Da ma akwai, da ya fi.

"Jiya a bakin famfo, da na durƙusa a taɓo ina roƙonka gafara... ka riga ka sani?"